Abin da Na Yanke da Abin da Auta Ta Bari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro. Mai kamfani, wanda ya tara mu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Alƙalan da suka duba ayyukanmu. Masu shirya fim da masu tace shi. 'Yan'uwana masu fassara, waɗanda kallon allo ya sa wa tabarau tun kafin furfura. Iyaye maza da mata, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure: barkanmu da haɗuwa lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga kwamitin da ya ba ni damar magana, ko da yake har yanzu ban tantance ba, karramawa ce ko horo. Domin aiki biyu aka ɗora mini: in yi bayani kan dabarun taƙaita magana a fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim, sannan in gabatar muku da sabuwar shugabar masu fassara. Sabuwar shugabar kuwa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, Autar gidanmu. Ga ta can a layin gaba ta sunkuyar da kai kamar ba ita ba.

Shekarata ashirin da biyu a wannan aiki, ita bakwai. Ni na kawo ta, ni na nuna mata inda ake dannawa fim ya tsaya. Kujerar nan ni ma na nema, aka ba ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ina kishi, kishi mai zafi. Kun kuma ji raɗe-raɗin cewa zan ajiye aiki don kada in zauna a ƙarƙashinta. Ba ƙarya aka yi mini ba, na yi wannan tunani, kuma za ku ji inda na tsaya kafin in sauka.

Jama'a, baki ya fi ido sauri. Ɗan wasa zai zazzago magana son ransa, mu kuwa layi biyu aka ba mu, kowane layi kimanin harafi arba'in, sai 'yan daƙiƙu kafin rubutun ya ɓace. Saboda haka aikinmu rabi fassara ne, rabi yanka.

Dabara ta farko: abin da ido ya gani, kada rubutu ya maimaita. Mutum ya buɗe ƙofa ruwa na zuba a jikinsa yana cewa ana ruwa, bar shi. Gani ya kori ji.

Ta biyu: gaisuwa da kiran suna da kame-kamen baki. Mai kallo yana jin sunan da kunnensa, yana ganin hannu a cikin hannu. Ka rubuta gaisuwa ɗaya, sauran ka bar wa fuska.

Ta uku: gajeriyar kalma ta fi doguwa daraja. "Ba zan iya tunawa ba" ya zama "na manta". "Ina so ka yi mini wata alfarma ka zauna" ya zama "don Allah zauna". Wannan ni na koya wa rabin mutanen da ke zauren nan, har da Auta, a rubuta a ajiye.

Ta huɗu ita ce maimaici. Shekara ashirin ina koyar da cewa abin da aka faɗa sau uku a rubuta shi sau ɗaya. A kan wannan dabara na rasa kujera, don haka ku saurara da kyau.

Da mai kamfani zai zaɓi shugaba, sai ya ba mu gwaji ɗaya, ni da ita: wani yanki na fim, minti biyar. Tsoho ne a tashar jirgin ƙasa yana sallamar ɗansa da zai yi tafiya mai nisa. Tsohon nan surutu yake yi ba kai ba gindi: zancen tikiti, zancen maƙwabta, zancen ɓarayin hanya, kuma sau uku yana tambaya, "Ka ɗauki rigar sanyi?" Na dubi tulin maganar na dunƙule ta a kalma huɗu: "Ka kula da kanka." Tsaf, ba ƙari ba ragi. Na miƙe na gyara hula, na ce kujera ta zo gida.

Aka haska aikin biyu a gaban alƙalai ba tare da suna ba. Nawa ya wuce, aka gyaɗa kai. Nata ya zo: ta yanke tikiti, ta yanke maƙwabta, ta yanke ɓarayi, ta bar tambayar nan ita kaɗai tana fitowa sau uku. Mai sharar ofis da ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, a ta uku na gan ta tana share ido da gefen mayafi. Shekara ashirin da biyu, ko sau ɗaya ba wanda ya yi kuka a kan rubutuna.

Na tare ƙanwata a baranda, raina a ɓace. Na ce, "Auta, wa ya koya miki barin maimaici? Ni dai ban koya miki ba."

Ta ce, "Yaya, ai Baba ne. Ranar da zan tafi makaranta sau huɗu ya tambaye ni ko na ɗauki bargo. Bai iya cewa zai yi kewata ba, sai zancen bargo."

Jama'a, nan kishina ya ninka. Domin ni ranar da na bar gida, Baba, Allah ya jiƙansa, cewa ya yi, "Ka kula da kanka," ya juya ya shige ɗaki. Na ce mata, "To kin gani. Can ma ke aka zaɓa."

Ta dube ni ta ce, "Haba Yaya. Ai kai bai iya tsayawa ya ga tafiyarka ba ne. Kwana uku yana damun Mama ko ka ɗauki bargo, har ta ce masa ya bi ka da shi mana."

Shekara talatin ba wanda ya gaya mini wannan magana.

Don haka ga gyaran dabara ta huɗu, daga bakin wanda ya ɓata ta: kafin ka yanke maimaici, ka tambayi kanka me ya sa mai magana ya kasa faɗar abin sau ɗaya ya huta.

Kishi kuwa bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya a gaban iyaye ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce; to na zuba mata taki mai yawa, Allah ya sa ta yi yabanya. Amma ba inda za ni. Shugaba, ranar Litinin zan kawo aikina teburinki kamar kowa, ki sa jan biro inda kika ga dama. Roƙona ɗaya: in za ki gyara ni, ki rufe ƙofa, har yanzu ni ne yayanki.

Allah ya taya ta riƙo, ya ba ta haƙuri da ni. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya yi wa sana'armu albarka, ya wanke zukatanmu, ya fara da tawa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.