Motar Maigidan Nabawiyya

A filin wasan bakin tekun Ma'amura, a Iskandariyya, Nabawiyya ta sauko daga ɗaya daga cikin ƙananan motocin wasan nan masu karo da juna tana gyara mayafi. Wani dattijo ya biyo ta yana dafe da ƙugu.

"Hajiya, me na yi miki? Jikata na rako, kika yi ta bi na da karo har tabarau ya faɗi."

"Yi haƙuri, Alhaji. Kai kaɗai na ga sa'ana."

"Mace kamarki ai benci ya dace da ita, da gasasshiyar masara a hannu."

"Ga bencin can, maigidana na kai. Tun bara ya daina gani. Ƙannensa sun ce a sayar da motarsa, tunda babu namijin da zai ja ta. Na koyi tuƙi har na samu lasisi, amma da mota ta matso kusa sai tsoro ya kama ni."

"Shi ne kika huce a kaina?"

"So nake in ji yadda karo yake. Ashe jijjiga ce, mutum ya gyara zama ya ci gaba."

"A titi ba haka yake ba. Ni direban tasi ne."

"Shi ya sa na zo in bar tsoron a nan."

"To, wa zai mayar da ku gida?"

Ta zaro makullin mota daga jaka.

"Wadda ta kawo mu. Ƙannen nasa suna can suna jira da mai saye. A gabansu zan ajiye ta, in ba mutumin shayi, in sallame shi."

Dattijon ya jinjina kai.

"Wace hanya za ki bi, Hajiya? Gaya mini, in bi wata."