Dangin Bulus a Kano

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sabi'u, lebura a wani kamfanin fata a Challawa.

Jini ne ya ɓalle wa matar abokin aikinmu Bulus wajen haihuwa. Asibiti suka ce ya kawo dangi su ba da jini, danginsa kuwa duk suna Kafanchan. Muna tashi daga aiki mu abokan aikinsa muka cika adaidaita sahu zuwa asibitin, ko wanka ba mu yi ba. Nas ta toshe hanci ta ce, "Ku ne dangin?" Bulus ya share hawaye ya ce, "Su ne."

Jinina ya dace da nata, aka ɗiba aka ƙara mata. Yanzu har tana shayar da 'yarta.

Jama'a, allurar ba ta kai cizon cinnaka ba. A gaishe min da mai jego, Allah Ya raya.