Tutar Kwatano

Injin markaɗen Mama aka sayar a kasuwar Sabon Gari aka haɗa mini kuɗin mota. Ta ƙulle su a bakin zane, ta kwance, ta sake ƙullewa, sannan ta ce, "Bitrus, injin nan ke ciyar da mu. In ƙwallon nan ba za ta dawo da shi ba, ka faɗa mini tun yanzu."

Na ce, "Mama, mota zan kawo miki."

Ku daina dariya. A lokacin Harsashi ake ce mini. Daga Samaru har Bomo babu golan da bai yi mafarkina ya farka da zufa ba.

Legas kuwa, wani ejan ne ya karɓe mu, wato dillalin 'yan ƙwallo. Lokacin salula ta fara shigowa, biyu gare shi, babu wadda ke da kati. Ya jibge mu mu tara a ɗaki guda. Mai gidan kullum yana bakin tanki.

"Aboki, wa ya ƙarar mini da ruwa?"

"Baba, wanka kawai na yi."

"Jiya ma ba ka yi ba?"

'Yan ƙwallon Legas kalma ɗaya suka iya, tirayal. Gwaji ke nan, amma in ka ce gwaji sai su ce baƙauye ne. Safe tirayal, yamma tirayal, biyar-biyar a ƙarƙashin gada. Wata uku muna haka, sai ejan ya ce za mu Kwatano mu kara da wani kulob, Bature zai zo kallo, ɗan gaba ɗaya zai tafi da shi Turai. Ɗaya tak. To in na ce muku na buga a ƙasar waje, ban yi ƙarya ba, har hatimi aka buga mini a fasfo.

Ga inda gizo ke saƙa. Filinmu na Samaru a wancan zamani babu mai tuta. Ɗan gaba sai ya je ya tsaya kusa da gola, su gaisa, ya tambaye shi mutanen gida, har ƙwallo ta iso. Satar gida a talabijin na san ta. Kaina ya sani, ƙafata ba ta sani ba.

Minti goma na zura ta farko. Na zame da gwiwa har gaban Bature. Shiru. Na waiwaya, ga wani siririn mutum ya ɗaga tuta. Na ci ta biyu, tuta. Ta uku ko murna ban yi ba, don tun kafin raga ta motsa ya ɗaga.

A hutun rabin lokaci koci ya cafki rigata. "Wane daji aka kamo ka? Ka tsaya daidai da ɗan baya! Ka sake, ka koma garinku da ƙafa."

Na koma fili ina jin ƙarar injin Mama a kunnena. Na manne wa ɗan bayansu kamar ƙaya. Bature yana ta duba agogo. Saura minti biyu, aka zuro mini wata ƙwallo, wallahi irinta sau ɗaya take zuwa wa mutum. Na fita daidai, ni da gola kaɗai. Maimakon in dubi ƙwallo, sai na juya na dubi mai tuta.

Tutar tana ƙasa. Da na juyo, ƙwallo tana hannun gola.

Wani Emeka aka ɗauka, wanda ya ci guda ɗaya da gwiwa. Daga baya har rigar ƙasa ya sa, kuna ganin hotonsa a gidan kallo.

Na sauka a Kwangila da jaka da silifa. Mama na tsakar gida tana niƙa tattasai a kan dutse. Ta dubi bayana, ta ce, "A ina ka faka motar?" Ta miƙo mini ɗan dutsen. Shekara biyu ina acaba kafin injin ya dawo gidan.

Shi ya sa kuke ganina da tutar nan a bakin filin nan kowace Asabar, ba wanda ya sa ni, ba wanda ke biyana. Ku zage ni son ranku. Kai Ishaya, tun ɗazu kake hira da gola. Dawo baya, ɗan nema.