Dusar Ƙanƙara a Tashar Ƙuba

A tashar bas ta Ƙuba, a birnin Madina, wani dattijo na zaune da hoto a cinya, wata tsohuwa a gefe tana leƙawa.

"Malam, wannan farin duk gishiri ne?"

"Dusar ƙanƙara ce, Hajiya. Ƙasar Norway ke nan. Wani mutuminsu ya zana da fentin mai, an fi shekara ɗari. Nawa kwafi ne."

"Duwatsu shuɗaye, itatuwa ba ganye, ko mutum ɗaya babu. Me za ka yi da wannan kufai?"

"Ba mai rai a ciki, shi ya sa zan iya rataye shi inda nake salla. Ɗana Musaddiƙ ya aiko mini bara."

"To, ka ce masa ya dawo gida. Kowa roƙo yake ya cika a Madina, a kai shi maƙabartar Baƙi'a."

"An riga an binne shi can Norway. Abokansa sun ce sai da aka kwana biyu ana ɗumama ƙasar kafin ta haƙu."

Tsohuwar ta sake duban hoton.

"Allah ya jiƙansa. Ƙasa duk ta Allah ce, Malam."

"Na sani, Hajiya. Sanyin kawai nake ji masa."