’Yan Kunnen da Yayata Ta Je Karɓowa Yekuwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Sunana Zuwaira, daga Magariya.

Bana na gama lisans, wato digirin farko, a Damagaram. Aiki bai samu ba, sai na zauna koyon haɗa ’yan kunne da abin wuya na duwatsu wurin yayata Habsatu, wadda take yinsu a gida. Al’adarta, duk sabuwar wayar ƙarfe ta haɗa ’yan kunne da ta sayo, sai ta gwada ta a kunnenta kafin ta sayar.

Wata mata daga Yekuwa ta zo da gaggawa, tana son ƙananan ’yan kunne na jaririyarta. Ta matsa, Yaya ta ba ta na sabuwar waya tun gwajin bai ƙare ba. Washegari kunnen Yaya ya kumbura. Ba mu da lambar matar, sunanta kawai muka sani.

Na ce, “Yaya, wataƙila fatarki ce kawai.”

Ta ce, “Zuwaira, ni da bakina ma na kasa haƙuri da ƙaiƙayin nan, bare wadda kuka kawai ta iya?”

Ta hau kabu-kabu zuwa Yekuwa, ta yi ta tambaya gida-gida har ta same su. An huda kunnen jaririyar, amma zare ne a ciki tukuna. Ta musanya musu.

Ina son fara nawa, amma ina tsoro. Maƙera da masu wannan sana’a, yaya ake gane waya mai kyau tun a kasuwa? Kafin ku amsa, a kunnena nake gwadawa.

Ina gaida Yaya Habsatu, Allah ya ƙara sauƙi.