Zanin Gadon Baƙin Abuja

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare. Daga Kwadon nake rubuto maka.

Kwanan baya hawan jinin Innata ya tashi, na kai ta wani asibitin gwamnati a cikin Gombe. Muna shiga na ɗauka ɓatan hanya muka yi. An yi fenti, fanka na juyawa, nas ɗin da ta saba hararar mu ta tarbe mu da "Sannu Hajiya." Aka shimfiɗa wa Inna sabon zanin gado, likita ya zo da kansa. Ashe baƙi ne suka zo daga Abuja duba aiki. Da suka tambayi Inna, ta yi ta sa wa asibitin albarka.

Motarsu na fita, nas ta dawo ta ce, "Inna, ɗan ɗaga," ta zare zanin. Magani kuma aka ce mu nema a kyamis.

Yanzu jiri ya dawo mata, amma ta rantse ba ta komawa sai ranar baƙi. Don Allah Malam, in kun ji za su zo ku sanar, mu san ranar da za mu yi rashin lafiya.