Shingen Tudun Yashi

A bencin mai faci na tarar da wani dattijo da direban tifa suna mita.

"Yashin nan ya cinye mana gida da gona," in ji dattijon. "Yanzu gwamnati ta ƙara faɗin shingensa, wai shi ake karewa. Ko shiga an hana ni."

"Baba, ni abincina aka tare. Tudun bayan tsohuwar rijiya nake ɗiba, saura kaɗan in kai ƙasa."

Dattijon ya juyo. "Mahaifiyata na kwance a ƙarƙashin wannan tudun."

Direban ya kalli tayarsa. "To yanzu a cire shingen ko a bar shi?"

Dattijon ya ja tsaki. "Da ɗazu ka tambaye ni, da na ba ka amsa."